Ranar da Ɗan Kwaɗo Ya Ji Taɓi

Da ruwan Yuli ya cika tabkin bayan Ibohamane, Mansura ta dawo gida hutu daga jami'ar Yamai, inda take karatun halittu. Da sassafe ta je bakin tabki ta ɗebo ƙwan kwaɗi, zare-zare cikin yauƙi, ta zuba a ƙwaryar kakarta Kulu.

"Ke ɗiyar nan! Ƙwaryar nonona kika zuba ma wagga ƙazanta?"

"Kaka, kwana ukku ɗai. Zan gwada maki abin mamaki."

A aji malaminsu ya zana masu abin a allo: jijiyoyi kan tsiro daga lakar bayan ɗan kwaɗo, su ratsa jiki har su iske fata. Kafin su iso, ko an shafe shi ba ya ji. Mansura ta haddace wannan, amma ba ta taɓa gani da idonta ba.

Washegari ƙwayayen suka miƙe, suka zama 'yan baƙaƙen abubuwa kamar tsabar riɗi. Ta tsinko gashi ɗaya daga wutsiyar saniya, ta kara gilashin da ke ƙara girman abu, ta shafi gefen ɗaya a hankali. Shiru. Ta sake da hantsi, ta sake da azahar. Ko gezau.

"Sun mace," in ji Kulu.

"Ba su mace ba, Kaka. Jijiya ce ba ta iso ba tukuna."

Da la'asar Mansura ta tashi yin alwala, wuyanta ya sage. Kulu ta waiga, ba kowa. Ta ɗauki gashin, ta sunkuya, ta taɓa.

Ɗan abin ya lanƙwashe, ya miƙe.

"Mansura! Sheƙo! Ya ji ni, wallahi ya ji ni!"

Mansura ta yar da buta ta rugo. Ta karɓi gashin, ta shafi wani. Shi ma ya karkaɗa. Na ukun bai motsa ba, na huɗu ya yi wul. Ta rungume tsohuwar tana dariya har da hawaye.

"Ta iso, Kaka! Tsakanin azahar da yanzu ta iso!"

Kulu ta daɗe tana duban ruwan.

"Shekara talatin ina karɓar haihuwa," ta ce. "Na sha aza hannu bisa ciki in ji ɗa ya motsa. Ban taɓa ganin farkon abin ba sai yau."

Ihun nasu ya jawo maƙwabta suka cika gidan. Kulu ta hana kowa riƙe gashin. Ita ke taɓawa, ita ke bayani, Mansura na tsugune gefe tana rubuta lokaci a littafinta.