Saƙonnin Ƙarfe Ɗaya

Dattijo Don Fermín Antilef ya murɗa makunnin rediyon a karo na uku, shiru. Ya girgiza shi, ya ɗan buge shi a gefe kamar yadda yake yi wa dokinsa idan ya tsaya taurin kai, sannan ya juya shi ya buɗe murfin baya. Ramin batura fayau, ko ɗaya babu.

Ya jawo aljihun tebur inda ake ajiye na ko-ta-kwana. Ya sami ƙusa biyu, da guntun igiya, da hoton wani waliyyi. Ya nemi tocila, ita ma babu. Matarsa Ercilia ce ta haɗa kaya jiya, ita kuwa idan za ta kwana biyu a gari sai ta kwashi abin da zai ishe ta wata guda.

"Har da batura," ya ce wa murhu.

Da ƙarfe tara na safiyar nan za a shiga da Ercilia ɗakin tiyata, a asibitin gari, kilomita ɗari da arba'in daga nan. Likita ya ce ƙarin da ke cikinta ba abin tsoro ba ne. Zuciyarta ce bai yarda da ita ba, don ba kowace zuciya ce ke farkawa daga allurar barci ba. Fermín ya so ya bi ta, amma tumaki ɗari uku suna tsakiyar haihuwa, diloli kuma sun san da haka. Saboda haka 'yarsu Rosaura ta zo da mota ta ɗauke ta, aka rabu a kan cewa ko me ake ciki, zai ji a saƙonnin ƙarfe ɗaya.

Sau uku a rana gidan rediyon gari yake karanta saƙonni: takwas, ɗaya, da shida. Ba a biyan ko sisi. Mutum ya rubuta a takarda ya ba direban bas ko ma'aikaciyar jinya, sai mai gabatar da shirin, Doña Nilda, ta karanta da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka. Tana da tsari, kowa kuma ya san shi: na asibiti da farko, sai na tafiye-tafiye, sai na dabbobi da cigiya. Daga nan ta ɗan yi shiru kamar na numfashi biyu, sannan ta karanta na rasuwa. Rosaura ta taɓa saya wa mahaifinta wayar hannu, yana kuma jin daɗinta ƙwarai, don tana nuna lokaci daidai. Bayan wannan ba ta taɓa yin komai ba a wannan kwarin.

Wayar ta nuna takwas da rabi. Fermín ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafi. Makaranta tana da rediyo, amma tafiyar awa biyar ce a kan doki. Saura gida ɗaya, tafiyar awa guda da 'yan mintoci, bayan tudu: gidan Aniceto Cayupán, ƙanin Ercilia, wanda rabon Fermín da ya yi masa magana shekara tara ke nan.

Asalin abin rago ne. Wata shekara ragon Fermín mai karyayyen ƙaho ya tsallaka shinge, Aniceto kuma, maimakon ya kora shi gida, sai ya aika saƙo: "Mai rago mai karyayyen ƙaho ya zo ya ɗauki abinsa. Da farko na zaci akuya ce mara lafiya." Kwarin kaf ya san ragon. Wata guda ana tambayar Fermín jikin akuya. Tun daga nan, duk abin da ɗayansu zai gaya wa ɗaya sai ya bi ta gari: takarda ta yi kilomita ɗari da arba'in a bas, Doña Nilda ta karanta, maganar ta dawo ta sauka a bayan tudu. "Ana sanar da maƙwabcin da ke gabas da rafi cewa shingensa ya sake faɗuwa." Kwana huɗu sai a ji: "Maƙwabcin gabas ya ji, ya ce iska ce ta kayar, iskar kuma daga yamma take." Mutane sun saba jiran su kamar yadda ake jiran wasan kwaikwayo. Ercilia ita kaɗai ce ba ta dariya.

Fermín ya zagaya garke, ya taimaki wata tunkiya da ɗanta ya zo a juye, ya wanke hannu. Ya sake buɗe bayan rediyon, ko wani abu ya canja. Da sha ɗaya da rabi ya ɗaura sirdi.

Iska na tura shi ta baya duk tsawon hanya. Da ya sauko tudu sai ya tarar da ƙofar shingen Aniceto a buɗe, abin da bai taɓa gani ba. Ya ɗauka sakaci ne irin na mai gidan, ya ji daɗin hakan kaɗan.

Aniceto na zaune a ɗakin girki kusa da murhu, gajere, mai furfura, fuskarsa sak ta yayarsa. Shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa, shi da wani tsohon kare baƙi mai suna Tizón. Rediyo na kan tebur yana kiɗa ƙasa-ƙasa. Akwai kujera ta biyu a gefen tebur, an goge ta.

Aniceto bai ɗago ba. Ya dubi karen.

"Tizón, dubi abin da iska ta kwaso mana."

Fermín ya cire hula. Shi ma ya dubi karen.

"Tizón, gaya wa maigidanka ba wurinsa na zo ba. Wurin rediyo na zo."

"Ka ce masa rediyon nawa ne."

"Ka ce masa akwatin ne nasa. Maganar da ke ciki ta kowa ce."

Karen ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya kwantar da kai.

"To ka ce masa ya zauna," in ji Aniceto. "Yana tare mini haske. Tsufa bai rage masa tsawo ba, hankali kawai ya rage."

Fermín ya zauna. Aniceto ya zuba ganyen mate, shayin mutanen yankin, a ƙoƙo, ya tsiyaya ruwan zafi, ya zuƙe na farko da bututu kamar yadda mai gida ke yi, ya sake cikawa. A ƙa'ida hannu da hannu ake miƙawa. Shi sai ya dangwarar da ƙoƙon a tsakiyar tebur. Fermín ya duba, bai taɓa ba. Ƙoƙon ya zauna a nan yana huci.

"Tizón, tambaye shi ina nasa rediyon. Ko shi ma akuya ce mara lafiya?"

"Ka ce masa yayarsa ta tafi da batura."

"Yaya ba ta yin abu a banza."

"Ta tafi da tocila zuwa asibiti mai lantarki."

Aniceto ya juya ga rediyon. Ya ƙara murya da ya ji kiɗan ya tsaya.

"Ƙarfe ɗaya daidai," in ji Doña Nilda. "Ga saƙonnin mutanen karkara. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba."

Fermín ya ɗora hularsa a gwiwa ya riƙe ta da hannu biyu.

"Ga iyalin Ñanco a Laguna Seca: an sallami Don Tobías. A kawo doki bakin titi ranar Alhamis, mai sanyin hali, ba na wancan karon ba. Ga Segundo Millaqueo: an sauka lafiya, mace ce, kilo uku. Uwar ta ce sunan da ka zaɓa ba zai yiwu ba. Ga Doña Petrona a Piedra Sola: sakamakon gwajinki ya fito, ba komai, likita ya ce ki rage gishiri, kin kuma san ba yau ya fara faɗa ba."

Aka ji ƙarar juya takarda.

"Bas ɗin Juma'a ba zai bi ta gada ba, ruwa ya cika. Masu jira su jira a mararraba."

An wuce na asibiti ke nan. Babu Ercilia a ciki.

Ba wanda ya dubi kare. Aniceto ya miƙa hannu ya gyara eriyar rediyon, ko da yake muryar tana fita tas. Doña Nilda ta ci gaba da abinta, ba gaggawa. Malamar makaranta tana tuna wa iyaye cewa hutu ya ƙare tun Litinin, tana kuma da sunaye. Masu allurar tumaki za su zo ranar goma sha biyu ga wata, a tara dabbobi tun da safe. An ga wata goɗiya ja mai farin goshi tana kiwo kusa da makabarta, mai ita ya zo, ta fara cin furanni. Wanda ya ari tsanin coci tun bikin bara, limamin cocin ya ce ya yafe masa, amma yana son tsaninsa.

A wata rana dabam da Fermín ya san mai tsanin, da kuma ya faɗa. Yau yana ƙirga abin da ya rage ne. Dabbobi sun wuce, cigiya ta wuce. Ya lura ya lanƙwasa bakin hularsa, ya yi ƙoƙarin miƙar da shi.

Sai Doña Nilda ta yi shirun nan.

Fermín ya saurari wannan shirun shekara ashirin da wani abu, yana cin abinci, yana gyaran linzami, bai taɓa sanin yana da tsawo haka ba. Itace ya fashe a murhu. Aniceto ya tashi tsaye, ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba wa waje baya.

"Ana sanar da rasuwar Don Hilario Quilaleo na Cañadón Chico, yana da shekara tamanin da tara. Za a binne shi gobe da ƙarfe goma. Iyalinsa sun ce masu zuwa su zo da kujeru."

Fermín ya san Don Hilario, mutumin kirki, shi ya koya masa askin tumaki. Ya ji kunyar sauƙin da ya ji a ransa. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa," da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Allah ya ji ƙansa," in ji Aniceto daga bakin ƙofa.

Suka jira suna na biyu. Aka ji buɗe ƙofa a cikin rediyon, da muryar wata mace tana haki, da ƙarar takarda.

"Akwai saura ɗaya, yanzu aka miƙo mini. Ba na rasuwa ba ne, ku yi haƙuri da tsari. Ga Don Fermín Antilef, a gidan Don Aniceto Cayupán."

Doña Nilda ta dakata. A iya sanin mutanen kwarin, ba ta taɓa maimaita adireshi ba.

"A gidan Don Aniceto Cayupán," ta sake faɗa. "Daga Rosaura: Baba, an yi aiki lafiya, Mama ta farka da sha biyu da rabi, tana ta faɗa da masu jinya a kan bargo. Daga Ercilia: batura suna cikin gwangwanin sukari. Ka ci abinci kafin ka tafi. Nan ne ƙarshen saƙonni, sai ƙarfe shida."

Kiɗa ya dawo.

Fermín ya daɗe yana kallon rediyon. Shekara arba'in da ɗaya yana shan mate ba sukari, bai taɓa buɗe gwangwanin nan ba, Ercilia kuma ta san haka. Ya tuna ƙofar shinge a buɗe. Ya dubi kujerar da yake kai, ya dubi Aniceto da ke tsaye har yanzu a bakin ƙofa, yana share hanci da bayan hannu kamar hayaƙi ne ya dame shi.

"Ka sani," in ji Fermín. Ba kare ya kalla ba.

"Ta biyo nan ranar Lahadi."

"Me ta ce?"

"Ta ce za ka zo kafin ɗaya, fuskarka kamar an ƙwace maka gona. Ta ce idan sunanta ya zo bayan shirun nan, kada in bar ka ka hau doki." Aniceto ya dawo ya zauna. "Na ce mata ni ban isa in tare ka ba, mijin Yaya. Ta ce in tsaya a ƙofa kawai, ba za ka ture ni ba, don sai ka yi mini magana tukuna."

Fermín ya juya hularsa, ya sake juya ta.

"Kwarin nan kaf ya ji inda nake."

"Har sau biyu."

"Ragon nan ba shi da lafiya ne a shekarar. Ba halittarsa ba ce."

"Na sani. Ai jikokinsa suna cikin garkena, duk ƙattai. Kwana uku ya yi a nan kafin in aika saƙon."

Aniceto ya ɗauki ƙoƙon da ya huce a tsakiyar tebur, ya zubar da ruwan, ya cika da mai zafi, ya miƙa masa hannu da hannu. Fermín ya karɓa, ya zuƙe har bututun ya yi ƙara, ya mayar.

A kwarin nan, wanda ya mayar da ƙoƙo ya ce ya gode, ya ƙoshi ke nan, ba a sake miƙa masa. Aniceto ya riƙe butar ruwan zafi a sama yana jira. Fermín na kallon taga, yana gyara bakin hularsa, bai ce ya gode ba.

Aniceto ya sake cikawa.