Bel Ɗin Taraktar Baba

Asabar ta huɗu ke nan Dogo yana kwance a ƙarƙashin tsohuwar taraktar yankan ciyawar Baba, bayansa har ya gaji da ƙorafi. Ba don ciyawa yake yi ba. Baba ya shekara ba ya gane kowa saboda ruɗewar tsufa, shi kuwa Dogo ya sa a ransa cewa in tsohon ya ji kukan injin da ya yi shekara talatin yana hawa, ƙila ya ɗago ya kira shi ɗansa. Ko sau ɗaya ne.

Ya kankare tsatsa, ya sauya sifirin, ya ɗura giris, ya shafe ƙarƙashin da jan fenti. Saura bel, mai juya wuƙaƙen. Nan fa ake yin ta! Fayafai biyar zai zagaya, kuma duk yadda Dogo ya bi da shi, ana tayarwa sai ya suɓuce.

Ƙanwarsa ta leƙo garejin da ruwa a kofi.

"Yaya, ka bi zanen Baba mana."

"Wane zane?"

"Wanda ya yi da ƙusa a ƙarƙashin taraktar nan, hanyar da bel ke bi. Kullum da shi yake min kuri."

Dogo ya dubi jan fentin, sumul, har da ƙyalli. Ashe da hannunsa ya shafe zanen, a zatonsa ƙarcewa ce. Garin gyaran gira an rasa ido. Wata irin gajiya ta sauko masa, ko tsaki ya kasa ja.

Ita ce ta riƙo Baba ta kawo shi, ta sa masa bel ɗin a hannu. Tsohon ya shafa, ya durƙusa da ƙyar, bai ma leƙa ba. Hannun ne kawai ya shige: ya zagaya nan, ya murɗe can, ya bi ta bayan ƙaramin faifan da Dogo ke ta tsallakewa.

Dogo ya murɗa makulli. Wuƙaƙe suka ɗauka, gareji ya cika da ƙara. Baba ya ɗago, fuskarsa ta washe, ya dubi Dogo sosai.

"Malam makanike, aikinka da tsafta," in ji Baba. "Amma kashe ta haka. Ka bari ɗana ya dawo, shi nake so in koya wa."

"To, Baba," in ji Dogo. Ya kashe injin.