Muryar Baba Azariya

"Mijina dattijon ikkilisiya ne, Maman Milka!"

"To ni na kore shi? Je ki tambayi 'yar China!"

Milka na bayan labule, tana jin uwarta da matar Baba Azariya suna yi a tsakar gida. Wasa ne fa... wasa. Ranar Talata a shagon citta na Kachia, rana ta dake su, mata sun gaji da tsinta, Jacinta ta ce, Milka, yi mana muryar Baba mai sikeli. Ta yi. Har tarin nan nasa, har yadda yake jan "to-o-o". Da muryar tasa ta ce, ku zuba ƙasa a gindin buhu, Madam ba ta dubawa. Dariya har da faɗuwa kan buhuna. Wa ya san Jacinta ta danna waya tana ɗauka? Wa ya ce ta tura?

Shekara tara yana awo, murya ɗaya ta minti guda...

Jiya ta je wurin Madam Lin, mai sayen cittar. Da niyyar faɗin gaskiya ta je, Allah ya sani. Bakin ya tsaya a "wataƙila sharri aka yi masa". Madam ta ɗauki alƙalamin maka, ta zana a jikin buhu: 谤. Bang, in ji ta, murya na faɗowa kamar an yar da dutse a rijiya. Wato ɓata sunan mutum da ƙarya. Wa ya yi? Ita kuwa Milka, wannan baki nata, sai ya maimaita bang, daidai, har da ɗage gira. Madam ta tafa mata. Tafi! Ta fito da tafi...

Tsakar gida ta yi shiru. Baba Azariya ne ya shigo, hula a hannu, wayar matarsa a kunne. Sau nawa ya saurara? Mutumin da ya riƙe ta ranar baftisma...

"Milka, 'yata, fito."

Ta fito.

"Muryana ne, ban musa ba," ya ce. "Kwana uku ina nema a kaina, ban tuna ba. Ko tsufa ne? Ke kina wurin. Na faɗa?"

Yanzu. Kalma ɗaya ce, a'a. Ta iya muryar fasto, ta iya ta Madam, ta iya ta kowa a Kachia, tata ce ta ƙi fitowa...

"Baba," ta ce, "bana citta ta yi ruwa."