A Bakin Ƙofar Donal

Sagiru mutumin Gusau ne. Karatu ya kawo shi Azhar, da ya gama kuma bai koma gida ba, ya zauna a Alkahira yana aikin tafinta. 'Yan Najeriya su zo neman magani, shi zai ɗauko su daga filin jirgi, ya samo musu masauki a unguwar Mohandessin, ya shiga da su wurin likita. Kowa ya san shi da tsare addini, an kuma san shi da rashin iya riƙe magana idan ta zo masa baki.

Babban amininsa shi ne Isam, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno. Suna ɗalibai ɗaki ɗaya suka kama a unguwar Arba wa Nus, wannan na haddar fiƙihu, wancan na haddar sunayen ƙasusuwa, suna cin ful, dafaffen waken Masar, a kwano ɗaya. Da Isam ya zama likita sai ya samu aiki a ƙasar Ailan, a wani ƙaramin gari da ke bakin teku. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa Amna suka ci gaba da zama a Arba wa Nus. Shekara da shekaru yana cewa Sagiru ya zo ya ga ƙasa, Sagiru yana cewa in sha Allah. Bana sai Isam ya kafe.

"Ya zol, mutumina, wannan karon ba na karɓar in sha Allahun direban tasi. Na aiko maka da komai, kai dai je ka nemi biza."

Da Sagiru ya sauka a Dublin, sai da ya sake duban mutumin da ke ɗaga masa hannu. Rigar sanyi ta yi wa Isam yawa, wuyansa ya fito.

"Likita, ba sa ba ka abinci ne a nan?"

"Aiki ne, ustaz. Yalla, mu tafi, hanya da nisa."

Suka nausa yamma. Sagiru, da idonsa ya saba da jan bulo da toka-tokar gine-ginen Alkahira, ya ƙura wa taga ido. Ko'ina kore shar, har gefen kwalta. Tumaki an shafa musu shuɗi da ja a gadon baya, gonaki an kewaye su da duwatsun da aka jera ba siminti, kuma ba sa rushewa. Ruwa ya zubo, rana ta fito, kafin ka cire hula wani ruwan ya dawo. Magariba ba ta yi sai mutum ya fara hamma. Duk motar da suka yi kiciɓis da ita a ƙauye sai direban ya ɗaga wa Isam yatsa daga kan sitiyari.

Isam ya kai shi wani tsauni da ƙasa ta yanke tsaye, teku na dukan gindinsa can ƙasa, tsuntsaye na shawagi ƙasa da ƙafar mutum. Sagiru ya yi ta subhanallahi, iska na neman tafiya da hularsa. Isam bai hau ba. Ya zauna a benci kusa da mota ya ce ya sha gani. Da yamma sukan hura wuta da wata baƙar ƙasa da ake yankowa a fadama a busar, su sha shayi, su tuna mai gidan hayarsu da ke kashe musu ruwa ranar Juma'a. Isam ya yi ta dariya har yana riƙe ciki.

Ana gobe Sagiru zai tafi, ranar Lahadi bayan la'asar, Isam ya ce akwai mutanen da yake so ya gani. Ya tsayar da mota gaban wani gida mai jar ƙofa, an rubuta Donal a samanta. Ana jin goge da sarewa daga ciki. Ta taga Sagiru ya hango manyan kofuna cike da baƙin abu mai farin kumfa.

"Isam, nan ai mashaya ce."

"Ita ce. Ni shayi nake sha, Allah shaida ne. Amma nan ce majalisar garin, nan suke taron biki, nan suke zaman makoki. Yau da matansu da jikokinsu suka zo don kai. Kifi aka dafa maka. Ka ɗan zauna mu gaisa, khalas, shi ke nan."

Sai ga wani dattijo mai farin gashi, Donal mai gidan, ya fito yana goge hannu, ya miƙo wa Sagiru, ya ce da wata karyayyiyar Hausa, "Sannu da zuwa." Da gani ya sha bita. Sagiru ya ba shi hannu sama-sama, ya juyo ga abokinsa.

"Ba na zama inda ake shan giya."

Da ya tsaya nan da ba komai. Amma ya ƙara.

"Ashe abin da ya ramar da kai ke nan. Wallahi da Hajiya mahaifiyarka ta san inda kake wuni, da ta gwammace kana tallan shayi a Arba wa Nus."

Dattijon ba ya jin Hausa, amma ya ga fuskar Isam. Isam ya daɗe yana kallon Sagiru, sannan ya miƙa masa makullin mota.

"Ma'alish, ustaz. Laifina ne. Bari in ba su haƙuri."

Sagiru ya zauna a mota ruwa na dukan gilashi. Kiɗan ya tsaya. Can sai muryar wata mace ita kaɗai, tana wata waƙa a hankali, ba goge ba ganga. Donal da kansa ya kawo masa faranti a rufe, kifi da dankali. Ya karɓa ya ajiye a kujerar baya. Washegari a filin jirgi Isam ya rungume shi ya ƙi saki, shi kuwa yana duban layi.

Ya dawo Alkahira ya ba iyalinsa labarin tumaki da tsauni, bai ambaci jar ƙofa ba. Isam yakan turo gaisuwa, shi ya amsa a taƙaice, yana jiran ranar da abokin zai ce ya daina zuwa wurin. Sanyi ya fara shigowa, yana tsaye a barandar wani asibiti a Mohandessin riƙe da takardun wani Alhaji, Amna ta kira shi tana kuka, ta ce Isam ya rasu.

A Arba wa Nus ya tarar da maza a kan tabarmi a ƙofar gida. Bayan addu'a Amna ta sa aka shigo da shi.

"Ciwon daji ne a hanta, Yaya Sagiru. Ya sani tun kafin ya gayyace ka. Ni kaɗai ya gaya wa, ya ce kada in faɗa, yana so ka yi hutu, ba jinya ba."

Sagiru, wanda kullum yana cikin masu irin wannan cuta, wanda ya san ramarta da yadda take hana hawan tudu, ya sunkuyar da kai.

Ta ce mutanen gidan Donal ne suka riƙa karɓa-karɓa suna kai shi asibitin birni. Da abin ya yi tsanani, Donal ya tuƙa mota ya ɗauko liman. Da aka yi sallar gawa kuma suka tsaya a bayan sahu cikin ruwa, huluna a hannu, har aka rufe shi.

"Isam ya ce sun yi maka taro, sai dai ka gaji ranar ba ka samu shiga ba."

Hajiya ta kamo gefen rigarsa. Idonta ya kumbura.

"Ɗana, a cikinmu kai ka gan shi ƙarshe. Hannun mutanen kirki ka bar shi?"

"Mutanen kirki ne, Hajiya," ya ce.

A motar komawa ya yi ta juya abin. Ko yau aka mayar da shi bakin ƙofar nan, ba ya jin zai shiga. Amma da ya ce su fito a gaisa a waje, da sun fito. Da ya tambayi Isam sau ɗaya, tsakani da Allah, me ke damunsa, wataƙila da ya faɗa.

Ya karɓi lambar Donal a wurin Amna, ya yi kwanaki yana kallonta kafin ya kira. Turancin dattijon na gudu, rabi kawai yake kamawa. Ya yi godiya, ya fara ba da haƙuri, Donal ya katse shi. Ya ce suna da matsala: sun haɗu za su sa dutse a kabarin likita, suna so sunansa ya kasance da Larabci, ba wanda ya iya a garin, kuma suna tsoron kada su yi kuskure.

Akwai maganar malamai a kan hana rubutu a kabari, Sagiru ya san ta da hujjojinta. Ta zo masa har baki, ya haɗiye.

"Zan rubuta in turo," ya ce. "Yau ɗin nan."