Janareto a Ƙarƙashin Gado

Ta kwantar da jaririyar ke nan janareto ya yi tari, ya ɗauka da ƙarfi, cokula suka hau rawa a cikin kofi. Yarinyar ta zabura ta tsala ihu.

Tsohuwar bas ce gidansu. Da injinta ya mutu, mijinta ya kwance kujerun, ya kafa gado a baya, keken ɗinkinta a gaba. Har yau Direba ake ce masa, duk da tayoyin sun daɗe da nutsewa a ƙasa. Janareton yana cikin ma'ajiyar kaya, daidai ƙarƙashin gadon. In an kashe shi fanka ta tsaya, bas ta zama tanda, ƙuraje su feso wa yarinyar a wuya. In an kunna, ba barci.

"Maigida, ko ka rufe wa abin nan baki, ko ni da 'yata mu koma gindin bishiya!"

"Ranki ya daɗe, ai shi ma kukan yunwa yake."

"Ban ga abin dariya ba. Dubi idonta."

Ya duba. Ya fita ya kwaso soson tsofaffin kujerun. Tana jin sa a ƙasa yana cusawa, yana ƙwanƙwasawa, yana tsaki. Ya toshe duk wata kafa, ya danna murfin da gwiwa. Rurin ya koma gurnani can ƙasa-ƙasa.

"Yaya kika ji?"

"Da ka yi haka tun bara, da ban tsufa ba."

Yarinyar ta yi barci. Ta zauna kan keke ta kama ɗinki, har da 'yar waƙa.

Can sai ta ji kanta yana sarawa, allura tana zama biyu a idonta. Ta sunkuya ɗaukar zare, wari ya bugi hancinta. Ta ramukan ƙusoshin kujerun da aka cire, hayaƙi yake tasowa siriri, yana shiga ƙarƙashin gidan sauron da yarinyar take ciki.

Ta suri yarinyar, ba ta san yadda ta kai ƙofa ba. A waje ta girgiza ta, ta hura mata iska a fuska. Jikin laƙwas.

"Kashe shi! Kashe shi na ce!"

Direba ya fizge murfin, soso ya zubo baƙi yana narkewa. A lokacin yarinyar ta ja numfashi, ta yi tari, ta ɓarke da kuka.

Ya tsaya da ƙonannen soso a hannu. "Ke kika ce ƙarar..."

"Na ce. Jawo janareton waje. Ɗauko hijabina, asibiti za mu."

Yarinyar tana ta tsala ihu har maƙwabta suna leƙowa. Ya miƙo hannu zai jijjiga ta.

Ta janye kafaɗa. "Bar ta ta yi."