To, Malam

Edita ta dawo wa wani marubuci da littafinsa, ta ja jan biro a babin ƙarshe, inda malamin lissafi ya tsayar da ɗalibarsa bayan an tashi ya ce yana sonta. Ta ce ba za a buga ba sai ya gyara, domin littafin matasa ne, kuma yarinyar ba ta amince ba.

"Ta amince mana," in ji marubucin. "Ga shi a rubuce. Ta ce, 'To, Malam.'"

"Je ka tambayi 'yarka."

Mutum ne mai son bincike, musamman irin wanda zai nuna shi ke da gaskiya. Ya tarar da Auta tana gugar kayan makaranta a falo.

"Auta, ajiye wannan ki karanta min babin nan."

"To, Baba."

A tsaye ta karanta, dutsen guga na hucewa.

"Yaya kika gani? Tana sonsa ko?"

"Wa ke ba ta maki a jarrabawa?"

"Shi. Amma ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

"Ƙofar ajin a buɗe take?"

Bai san halin da ƙofar take ciki ba. Ya cika shafi guda da gilashin idon malamin da ƙamshin turarensa, ƙofa ba ta samu wuri ba.

"Ai dai ta ce to."

"Baba, ni ma yanzu na ce maka to. Kana jin marmarin karatun nake yi? Malam ya ce share aji, to. Ya ce durƙusa, to. Ya ce kanki kamar kabewa, to. Wace kalma gare mu bayan ita?"

Daga kicin matarsa ta ɗaga murya: "Yau dai an fassara maka."

Ya koma teburinsa, ya soke kalmar, ya sa yarinyar ta ce a'a, don kawai ya ga abin da zai faru. Ya jira malamin ya faɗi magana mai daɗi. Abin da ya zo bakin malamin shi ne, "Ki tuna jarrabawa ta kusa." Ya gwada sa wa malamin wata amsa, ta ƙi zama. Ya bar maganar jarrabawar a wurinta.

Ya kira editar. "Na gyara, amma jarumina ya lalace."

"Dama can haka yake, turare ne ya rufe shi. Turo min, kuma ka rage shafin gilashin nan."

Yana son shafin nan ƙwarai. Ya ce, "To."