Sakamakon Jinin Matar Kafinta

Kafinta dai ba mutumin zama ba ne, balle a bencin asibiti. Tun da suka iso yake zirga-zirga: ya leƙa tagar ɗakin gwaji, ya dawo ya gyara wa matarsa mayafin da bai karkace ba, ya sake miƙewa. Ko silin ɗin barandar bai tsira ba, don sai da ya ɗaga kai ya ƙare masa kallo, ya ce wanda ya buga wannan aiki bai ji tsoron Allah ba.

"Malam, don Allah ka zauna," in ji matar. "Jiri kake sa ni."

Ya zauna, amma ƙafarsa ta ci gaba da rawa ita kaɗai.

Ciwon nata sankara ce, a ’yar fatar da ta lulluɓe huhu. Likita ta ce ƙurar wani rufin gida na da ce ke kawo ta, mai launin tokar nan da ya sha yankawa da zarto lokacin yana ji da ƙarfi. Shi da ya shaƙa da hancinsa ga shi nan garau. Ita kuwa da ba ta taɓa hawa tsani ba, iyakarta ta kakkaɓe masa riga kafin wanki, ita ciwon ya kama. Abin yana cin ransa, bai dai taɓa furtawa ba.

Da aka fara ɗura mata magani ta jijiya, likitar ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai wani sinadari da ciwon ke zubarwa cikin jini, an auna shi kafin a fara, kuma za a sake aunawa. In ya ragu, alama ce maganin yana kama ta, sai a ci gaba. In ya ƙaru, sai a dakata, a koma neman abin da zai rage mata raɗaɗi kawai.

To, Kafinta sai ya ɗauki abin kamar jarrabawa, wadda in an dage za a ci. Hanta, ƙwai, ganye, madara, duk ya dinga jido su. Mutumin da bai san inda ake ajiye ludayi a gidansa ba, sai ga shi tsaye a kanta da kwano, "Ƙara cokali ɗaya, ɗaya tal." Ta haɗiye da bakin da duk ya yi gyambo, ta lallaɓa banɗaki ta kunna famfo. Yana jin aman sarai ta bayan ƙarar ruwan, sai ya ce wa kansa ai ciwon ne ke fita. Yatsunta sun mutu, allura ma ba ta riƙuwa, ita da ɗinki ne hirarta. Wannan ma ya gani, ya ce lokaci ne, zai wuce.

Da aka kira su jin sakamakon awon na biyu, har ya riga ta shiga ofishin likita, sai ya tuna ya dawo ya kamo hannunta.

Likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta. "Baba, Mama, yau dai da sauƙi. Abin ya sauka sosai, hoton ƙirji ma ya nuna ciwon bai ƙaru ba. Ba warkewa ba ce, kada in yaudare ku, amma maganin yana aiki. Za mu ci gaba."

Ai kuwa Kafinta ya miƙe zumbur, har kujera ta bugi bango. "Alhamdu lillahi! Ban gaya miki ba? Likita, hantar nan ce, wallahi hantar nan ce!" Likitar ta yi dariya ta ce hanta ba ruwanta, amma ina, bai ma ji ta ba. Ya fito yana laluben waya a aljihu, zai kira ’yarsu, zai kira ƙaninsa, zai kira har wanda bai tambaya ba.

Sai da ya kai bakin matakala ya lura shi kaɗai yake tafiya. Ya waiwaya. Tana can ta jingina da bango kusa da ƙofar likita, hawaye na bin kumatunta.

Ya dawo da sauri yana murmushi. "Haba, yau kuma kuka? Ko na murna ne?"

Ta girgiza kai. Ta daɗe tana neman numfashi kafin maganar ta fito.

"Malam, addu’a na yi ta yi abin nan na jini ya ƙaru."

Ya tsaya da waya a hannu, bai gane ba.

"Da ya ƙaru, likita ce za ta ce a daina, ba sai na roƙe ka ba. Na gaji, Malam. Wallahi na gaji. Don kai nake zuwa, na ga yadda ka ɗora wa kanka laifi. Amma jikin nan nawa ne, kuma ya ƙare."

Ransa ya ɓaci, ya ji kamar ya daka mata tsawa a gaban jama’a. Ya buɗe baki zai ce ai ga sakamako, ga shaida, sai idonsa ya sauka kan hannunta, tana ta ƙoƙarin kama bakin mayafi ta share fuska, yatsun sun ƙi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan bene mai hawa biyar.

Nas ta leƙo daga ofishin da biro a hannu. "Baba, wace rana za a sa muku ta ƙarin maganin? Akwai wuri farkon mako, akwai ƙarshensa."

Matar ta dube shi. Ya mayar da wayar aljihu, ya juya wajen nas ɗin.

"’Yata, kada ki rubuta," ya ce. "Ki ce wa likita muna son mu sake ganinta. Maman yara ce za ta yi magana, ni rakiya na yi."